Kantin Kayan Lantarki na Unguwa: Shawarar da Muke Karɓa Ba Mu Biya

 

A wannan fitowa za mu tsaya ne a bakin wani ɗan kanti da kusan kowace unguwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai take da irinsa. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofa a bakin titi. Akwai akwatin gilashi cike da salula da caja da katin memori, an rataye rediyo da fitilu a bango, batura suna jere a ƙasa, a waje kuma an jingine farantan sola biyu ko uku suna shan ƙura. Can ciki akwai tebur da ƙarfen narka dalma da ƴar na'urar awon wuta, sai yaro ɗaya ko biyu masu koyon aiki. Mai kantin yana sayarwa, yana gyara, yana kuma zuwa gida ya haɗa wa mutane kaya. Amma aikin da ya fi yi a yini shi ne amsa tambaya, kuma shi ne aikin da ba wanda yake biyansa.

Manyanmu ba su manta da zamanin da ake bin layi a telesantar domin a buga waya minti uku ba. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya zama Zamani. Cikin waɗannan shekaru salula ta tashi daga kayan alhazai ta zama kayan kowa, ta kuma tashi daga Nokia mai maɓallai, wadda yaro zai iya koya wa kakarsa cikin yini ɗaya, ta koma waya mai shafawa da ke riƙe da hotunan iyali da kuɗin ajiya da sirrin gida. Kayan sun yi yawa, sun yi araha, amma sanin yadda ake zaɓensu bai yaɗu kamar yadda su suka yaɗu ba. A wannan giɓin ne mai kantin unguwa yake zaune.

Abin da ya same mu

Ba za mu yi wa'azin abin da ba mu ɗanɗana ba. A watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar take sha, gidanmu ya shiga duhu kamar na kowa, kuma ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Muka yanke shawarar sa sola. Muka tafi kantin unguwarmu, wajen wani matashi da za mu sakaya sunansa. Ya ba mu kujera, ya ɗauko takarda da alƙalami, ya ce: “Baba, kafin mu yi maganar kuɗi, a gaya mini abin da ake son a kunna, da awa nawa za a kunna shi.” Ya shafe kusan rabin awa yana lissafi, ya rubuta mana abin da ya dace da farashinsa.

Muka karɓi takardar, muka yi godiya, muka ce sai mun yi shawara da iyali. Washegari muka shiga kasuwa da takardar tasa a aljihu. Can muka sami wani mai shimfiɗa a bakin hanya da faranti an rubuta masa wat 300, ninkin abin da matashin ya rubuta mana, ga batir mai sheƙi, kuma duka da ragin jika 25. Muka ga mun yi dabara, muka saya, muka sa wani yaro ya haɗa. Wata na farko komai lafiya. Kafin wata na biyar, fanka tana tsayawa tun kafin tsakar dare, yara suna kuka da zafi, uwargida tana kallonmu ba ta ce komai ba. Muka koma kasuwa, muka tarar wani mai sayar da takalma ne a wurin.

Da kunya muka koma wajen matashin. Bai yi mana gori ba. Ya biyo mu gida da na'urarsa, ya hau rufi, ya sauko ya ce: “Baba, wannan farantin ko wat 100 bai cika ba. Batirin kuma kullum ana zuƙe shi har ƙasa, ba ya samun cika, shi ya sa ya mutu.” Ranar muka gane cewa sayen nagari mai da kuɗi gida ne, domin sai da muka sayi sabon batir da sabon faranti, ragin jika 25 ya zama asarar da ta ninka shi sau da yawa.

Lissafin da ya yi mana

Ga lissafin nan mun kawo muku, domin ilimi ne da kowane maigida da uwargida ya kamata su riƙe. Kowace na'ura an rubuta a jikinta wat nawa take ci. Sai a ninka wannan adadi da awoyin da za ta yi tana aiki. Ƙwan fitila 3 masu wat 5 kowanne, na awa 6, sun ci 90. Fanka mai aiki da batir, mai wat 20, ta awa 8, ta ci 160. Talabijin mai wat 40 na awa 4, shi ma 160. Cajin salula 3, a ce 45. Jimla 455 ke nan a kowane yini.

A ɗauki farantin sola kamar mai ɗebo ruwa, batir kuma randa. A ƙasarmu ana lissafa wa faranti kamar awa 5 na cikakkiyar rana a yini. Faranti mai wat 150 zai ba da 750 a takarda, amma zafi da ƙura da wayoyi suna cinye kamar rubu'i, sai a tashi da wajen 560, wanda ya ishi gidan da yake bukatar 455. Batir kuwa, idan an rubuta masa bolt 12 da amfiya 100, a ninka su, randar tana ɗaukar 1200. Sai dai batirin dalma, wanda shi ne aka fi sayarwa, ba a son a sha fiye da rabinsa kafin a sake cika shi. Abin da ake da shi na gaskiya 600 ne. Wanda ya ɗora wa irin wannan haɗi dutsen guga na lantarki, mai cin wat 1000 ko fiye, ko ya ɗora masa firigo ba tare da sabon lissafi ba, shi ya kashe batirinsa da hannunsa.

Akwai kuma awon da ido ma yake iya yi. Farantin zamanin nan mai faɗin murabba'in mita ɗaya yana ba da kamar wat 200. Saboda haka duk farantin da bai wuce rabin wannan faɗi ba, aka manna masa takarda mai cewa wat 300, takardar ce take ƙarya. Da mun san wannan, da ba a ci kuɗinmu ba.

Ya ƙara mana abu biyu da ba a rubuta su a jikin kwali ba. Na farko, zafi maƙiyin batir ne: batirin dalma da aka yi domin ya zauna a digiri 25, kusan kowane ƙarin digiri 10 yana rage masa rabin kwana, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana wuce 40. Don haka a nema masa inuwa da iska, kar a ajiye shi ƙarƙashin kwano ko kusa da murhu. Batirin litiyam ya fi daɗewa, ana kuma iya shan mafi yawansa, sai dai ya fi tsada a ranar saye. Na biyu, lokacin hunturu a riƙa goge faranti da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi, domin ƙurar buji tana rage abin da yake ɗebowa.

Salula da kwamfuta

Haka abin yake a kan sauran kaya. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'armu, Tecno da Itel da Infinix, duka na kamfani ɗaya ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai suna Transsion. Sun karɓu, kuma duk abin da ya karɓu sai an yi jabunsa. Mai kantin kirki zai sa ka danna *#06# a gabansa, lambobi 15 su fito, ka gwada su da waɗanda ke jikin kwalin. Idan wayar ta hannu ce, zai duba ko tsohon mai ita ya cire asusunsa na Google ko na Apple, domin idan bai cire ba, ranar da aka wanke wayar za ta kulle, kuma sau da yawa irin wannan alama ce ta kayan sata. Zai gaya maka cewa tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ba su kai Android 5 ba, kar ka saya wa tsohuwa wayar da ba za ta ji muryar jikokinta da ke Kwatano ko Agadas a cikinta ba. Zai kuma gargaɗe ka a kan katin memori na jabu, wanda yake nuna yana ɗaukar giga 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba: yana karɓar hotunan biki da na suna ba musu, sai ranar da aka zo dubawa a tarar sun lalace.

Iyayen da ɗansu ko ƴarsu ta sami shiga jami'a, ko ta Abdou Moumouni a Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, su ma suna bukatar wannan mutum. Kwamfutar hannu da aka shigo da ita ta Kano ko Dubai sau da yawa maɓallanta na Ingilishi ne, jerin farko yana farawa da QWERTY, alhali ɗalibin da zai yi rubutu da Faransanci ya saba da AZERTY mai haruffa masu alama a kai. Wadda ta biyo ta Najeriya kan zo da filogi mai baki uku masu kusurwa, mu kuwa yawancin soket ɗinmu mai rami biyu ne zagayayyu. Kayan da aka yi domin Amurka wasunsu na bolt 110 zuwa 120 ne kawai, wutarmu kuwa 220 ce. Caja ta kwamfuta da ta salula galibi tana ɗaukar duka biyun, amma wasu kayan ɗaki ba sa ɗauka, ana sawa suna ƙonewa. Har ila yau, a watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe kulawar da ya saba bai wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharaɗin ɗaukar Windows 11 ba. Wanda bai sani ba zai ga araha ya yi murna. Duk waɗannan abubuwa ne da ake ganewa cikin minti biyar idan an tambayi wanda ya sani, kuma matambayi ba ya ɓata.

Halin da mai kantin yake ciki

Yanzu mu juya mu dubi abin daga bayan teburinsa. Ribar sabuwar waya kaɗan ce, domin kowa ya san farashinta, kuma kowane wata sabon samfuri yana fitowa ya karya darajar wanda ke cikin gilashi. Wanda ya sari shinkafa ta kwana a kantinsa bai yi asara ba. Wanda ya sari waya ta yi wata shida, ya yi. Yana biyan haya da fatanti da kuɗin wuta, yana ciyar da yaran da ke koyon aiki. Idan ta Kano yake saro kaya, hawa da saukar naira suna iya cinye ribarsa tsakanin safe da yamma. Tun 2023 da hanyar Kwatano ta sami cikas, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara nisa, kuɗin ɗauko ya ƙaru. Bayan duk wannan ga bashin ƴan'uwa da maƙwabta, wanda ba ya iya hanawa, ba ya kuma iya tambaya.

Mai shimfiɗa a bakin hanya ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan nauyi, ba ya kuma tsoron a dawo masa da kaya, shi ya sa yake iya ragi. Ba muna cewa duk mai shimfiɗa macuci ne ba, akwai masu gaskiya a cikinsu da yawa. Amma bambancin kuɗin da muke gani tsakaninsa da mai kanti, a mafi yawan lokuta, shi ne kuɗin ƙofar da za mu iya komawa mu ƙwanƙwasa. Idan muka ci gaba da karɓar lissafi a kanti muna kai kuɗi kasuwa, kamar yadda mu muka yi, wata rana za mu zo mu tarar da ƙofar a rufe, matashin ya bi ƴan'uwansa ci-rani, kuma ba sauran wanda za mu tambaya.

Mun saba biyan tela kuɗin ɗinki ko da mu muka kawo yadi, muna biyan magini ko da mu muka sayi siminti. Wanda ya zauna ya auna bukatar gidanmu, ya hana mu zubar da jika 100, aiki ya yi, kuma ladan aiki halal ne. Ba mu ga dalilin da zai sa a ji nauyin bayarwa ko nauyin karɓa ba.

Haƙƙin da ke kan mai kanti

Sai dai wannan girma da muke nema masa yana da sharaɗi, kuma muna roƙon ƴan'uwanmu masu wannan sana'a su saurara. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da damar mayar da kayan da ya gano tsohon aibi a jikinsa. Wayar da aka canja wa gilashi a ce an canja. Batirin da ya daɗe a ajiye a faɗi haka. Kayan hannu a kira shi kayan hannu. Idan an yi alkawarin garanti, a rubuta kwana nawa ne da abin da ya shafa, a jikin rasiɗi mai ɗauke da lambar kayan, domin yawancin rigimar da ake kai wa mai unguwa a kan waya, daga alkawarin baki take tasowa.

Mai ba da shawara kuma dole wani lokaci ya ba da shawarar da za ta rage masa ciniki. Idan tsohuwa ta zo sayen waya mai tsada alhali kira da sauraron saƙon murya kawai take yi, a nuna mata ƙarama. Idan caja ce ta lalace, kar a ce wayar ce. Ranar da jama'a suka fahimci cewa shawarar mai kanti kullum tana ƙarewa ne a kan abin da ya fi tsada a kantinsa, daga ranar ya zama ɗan talla kamar kowa.

Amanar da ta fi nauyi ita ce ta abin da ke cikin wayar. Wanda aka miƙa wa salular matar aure ko ta budurwa domin gyara, an miƙa masa makullin ɗaki ne. Ba shi da hurumin buɗe hotuna ko karanta saƙo, kuma shi ne zai amsa laifin yaransa idan suka yi. Mun ji gidajen da suka girgiza saboda hoton da ya fita daga teburin mai gyara. Mai kantin kirki da kansa zai ce a cire layi da katin memori kafin a bar masa waya, idan kuma gyaran na ɗan lokaci ne, ya yi shi a gaban mai ita. Shi ne kuma ya fi dacewa ya riƙa jan kunnen dattawa cewa lambobi 6 da WhatsApp yake aikowa ta saƙo, da lambar sirrin asusun kuɗi na waya, ba a faɗa wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake, ko ya kira sunan ɗan'uwa.

Abin da muke roƙon iyalai

Kafin a fita sayen wani abu mai tsada, maigida da uwargida su zauna su rubuta abin da ake bukata. Uwargida ce ta san awa nawa fanka take yi a ɗakin yara, da lokacin da ake kunna talabijin, don haka lissafin da aka yi ba da ita ba gurgu ne. A tafi da wannan takarda wajen mai kantin da aka san mazauninsa, aka kuma ji shaidarsa a bakin maƙwabta. A nemi a gwada kaya a gaban ido, a karɓi rasiɗi, a adana kwali.

Ba laifi ba ne a zaga a ji farashi a wurare biyu ko uku, kuma ba dole ba ne a saya a inda aka yi tambaya. Amma idan mutum ya ɓata lokacinsa ya yi muku lissafi, sannan kuka ga ya fi muku ku saya a wani wuri, ku gaya masa gaskiya, ku ba shi wani abu na wahalarsa, ko ku kira shi ya duba kayan kafin ku biya, ya kuma haɗa muku da ladansa. Su ma masu kantin muna ba su shawara su sa wa zuwa gida da awo ɗan kuɗi sananne, wanda za a cire daga farashi idan a wurinsu aka saya. Da haka kunya za ta fita tsakani, kowa ya san matsayinsa. Waɗanda ake bin su bashi kuma su tuna cewa da kuɗin nan ne zai saro wani kayan.

Mu dai mun koma mun biya matashinmu kuɗin lissafin farko da muka ɗauka muka kai kasuwa. Ya ƙi karɓa sau biyu, ya ce: “Haba Baba, ai tsakaninmu ba wannan.” Sai da muka ce to a saya wa yaran kanti abincin rana, sannan ya karɓa. Batirin da ya haɗa mana yana ƙarƙashin rumfa a inuwa, kuma aikin goge faranti ranar Juma'a da safe ya zama na babban ɗanmu.

Wanda yake da tambaya a kan lissafin da muka kawo, ko yake da labarin da wasu iyalai za su amfana da shi, ya rubuto mana da Hausa ko da Faransanci ta hannun masu kula da wannan mujalla. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya tsare mu daga cuta da cutarwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.